Makaranta ta ce ɗana mai lalura ya shiga ƙungiyar ƙwallon haɗaka: in sa hannu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekararmu 6 a Amurka. Babban ɗana yana da lalurar Down syndrome, shekararsa 16, yana sakandaren gwamnati ta unguwarmu. Jiya ya dawo da takarda daga makaranta, wai ana so ya shiga Unified Soccer, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ake haɗa yara irinsa da sauran ɗalibai. Ƙanwarsa mai shekara 14 ita ma ta kafe sai ta shiga. Ni tsorona biyu: kada a ji masa ciwo, kada kuma a mayar min da shi abin kallo. Babansu ya ce ɓata lokaci ne kawai. Don Allah mene ne gaskiyar abin nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya su, Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Ki sa hannu. Amma kafin ki sa, a yi abu biyu: likita ya duba shi, ke kuma ki je da ƙafarki ki tsaya bakin fili ki kalli atisaye guda daga farko har ƙarshe. Na daɗe ina koyar da yara masu raunin fahimta a sakandare a ƙasar nan, na kuma riƙe irin wannan ƙungiya shekaru da dama. Sunan shirin ɗaya ne a ko'ina, abin da ke faruwa a fili kuwa ya danganta da hannun da ya riƙe shi. Akwai inda ake buga ƙwallo ta gaske, akwai kuma inda ake wasan kwaikwayon tausayi sanye da jesi. Na farkon zai amfani yaron naki fiye da yadda kike zato. Na biyun kam Alhaji ya yi gaskiya, ɓata lokaci ne.

Bari in fara da tushen abin, ko don ki samu abin faɗa wa Alhaji. Shirin reshe ne na Special Olympics, ƙungiyar da Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy, ta kafa. Yayarta Rosemary tana da raunin fahimta, kuma gidan nan, duk da dukiya da mulki, ɓoye ta suka yi shekara da shekaru, yadda wasu gidajenmu ke tura irin waɗannan yara ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi. A 1962 Eunice ta fasa ƙwan, ta rubuta labarin yayarta a mujalla, ta kuma buɗe wa yara masu lalurar filin gidanta da ke jihar Maryland suna zuwa wasa lokacin dogon hutu. Gasar farko an yi ta ranar 20 ga Yuli 1968 a filin Soldier Field na birnin Shikago, da 'yan wasa kusan 1,000 daga Amurka da Kanada. Sai dai kusan shekara 20 ɗin farko masu lalurar su kaɗai ne a fili, sauran jama'a suna gefe suna tafi. A shekarun 1980 ne aka fara gwada zuba su ƙungiya ɗaya da marasa lalura a jihar Massachusetts, a 1989 kuma ƙungiyar ta karɓi tsarin a hukumance da sunan Unified Sports. Jihar Connecticut na cikin waɗanda suka fara shigar da shi makarantu, tun 1992, ta hannun hukumar da ke shirya gasannin makarantun jihar. Daga 2008 Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta fara zuba kuɗi a shirin makarantu, wanda yanzu ake kira Unified Champion Schools. A 2019 sakatariyar ilimi ta lokacin, Betsy DeVos, ta je majalisa tana kare kasafin da ya soke kusan dala miliyan 18 na wannan tallafi. Hayaniyar da ta tashi daga jam'iyyun biyu ba ta yi mako ba Shugaba Trump ya fito ya ce an fasa. To ba wani abu ne da malami ɗaya ya ƙirƙiro don rage zaman banza ba.

A takardar za ki ga kalmomi biyu. Athlete shi ne ɗalibi mai lalura, partner kuma marar lalura. Ni da Hausa nakan ce ɗan wasa da abokin wasa, kuma na fi son tamu a kan tasu, domin kin san waye abokin wasa a wurin Bahaushe. Taubashi ne, ɗan mace da ɗan namiji, wanda zai tsokane ka ka rama, ya fizge maka hula a gaban mutane ba mai cewa ya yi rashin kunya. Taubasai ba sa tausayin juna, tsokanar juna suke yi, ita kuwa tsokana sai tsakanin waɗanda suka ɗauki juna daidai. Ranar da na ji wani abokin wasa ya daka wa ɗan wasana tsawa a fili, yana ce masa ina yake kallo alhali ga shi nan ba kowa a kansa, shi kuma ya juyo ya rama masa da cewa ai jiya shi ma ya ɓarar da biyu, a ranar na san ƙungiyar ta ƙullu. Ki riƙe wannan a ranki, domin da shi za ki auna abin da za ki gani.

Zubin 'yan wasa doka ce a rubuce. In wasan mutum 5 ne a kowane gefe, 'yan wasa 3 da abokan wasa 2. In na 7 ne, 4 da 3. In na 11 ne, 6 da 5. Kullum masu lalura sun fi yawa da mutum ɗaya, ƙungiyar da ta karya wannan ƙa'ida kuwa an cinye ta ko da ta zura goma. Makarantu sun fi yin na mutum 5 ko 7, a ƙaramin fili da ƙaramar raga. A na mutum 5 kowane rabin lokaci minti 15 ne, babu satar fage, in ƙwallo ta fita gefe da ƙafa ake shigo da ita maimakon jifa, canji kuma ba shi da iyaka, wanda ya fita ya sha ruwa zai iya komawa. Kowace jiha takan ɗan taɓa waɗannan ƙa'idoji, amma ƙashin bayan ke nan. Al'adar Special Olympics ita ce a yi atisayen mako 8 kafin gasa, sannan a gwada ƙarfin ƙungiyoyi a rarraba su rukuni-rukuni, kowa ya kara da tsaransa. Ko a filin kokawa ba a haɗa sabon shiga da gwanin gari. Special Olympics ba ta karɓar kuɗi daga hannun 'yan wasanta. In an nemi wani abu, to kuɗin wasanni ne na gundumar makarantar, kuma akan yafe wa wanda ya nema.

Tsarin kansa hawa uku ne, kuma tambayar farko da za ki yi wa koci ita ce a wanne suke. Akwai na gasa sosai, inda ake so yaran su zama tsara a shekaru kuma kusan ƙarfinsu ɗaya a ƙwallo, har mai kallo ya kasa gane waye mai lalura. Akwai na koyo, inda shekaru ɗaya ne amma abokan wasa sun fi iyawa, an kuma yarda a fili cewa suna jan hannun sauran ne. Sai na nishaɗi, wanda ba gasa a cikinsa. Babu na banza a cikinsu. Yaron da bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba, na koyo ne daidai da shi a shekarar farko. Ɓarnar tana zuwa ne idan an ce gasa ake, alhali an zuba yara biyu da suka ƙware suna ta yanke mutane su kaɗai, sauran ukun suna bin su a baya kamar 'yan rakiyar amarya.

Wannan shi ne gurbin da Special Olympics ta fi tsananta doka a kai. Ƙa'idarta ita ce kowane ɗan ƙungiya ya kasance yana da hannu na gaske a abin da wasa ya haifar, ci ko faɗuwa. Abokin wasan da ya mamaye ƙwallo, masu kula da gasa suna da ikon jan kunnen kocinsa, in abin ya ci gaba a hukunta ƙungiyar. Shi ya sa jihohi da dama suka hana ɗan babbar ƙungiyar ƙwallon makaranta ya zama abokin wasa a ƙwallon haɗaka. Ni ma na fi son yaron da ya bar ƙwallo tun firamare, ko mai kaɗa ganga a ƙungiyar kiɗan makaranta da bai iya komai ba sai gudu. Irin wannan yana buƙatar ɗan wasan da ke gefensa da gaske, ba yi yake don a ce ya yi ba.

Amma akwai wata ɓarnar ta ɗaya gefen, kuma ita ce tsoronki na biyu. Na tabbata kin ga bidiyoyin nan da ke yawo a Facebook: saura minti ɗaya a tashi, a shigo da yaro mai lalura, 'yan baya su dare masa hanya, gola ya faɗi gefen da ƙwallo ba ta je ba, fili ya ɗauki sowa, mutane na share hawaye. Ba na zargin niyyar kowa. Amma ki tambayi kanki, wa aka yi wa wannan? An yi ne don 'yan kallo su ji daɗin kirkinsu. Yaron kuwa kyauta aka ba shi, kuma da yawansu sun san kyauta ce.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. A shekarata ta farko na kafa wa abokan wasa doka cewa kada ɗayansu ya ci ƙwallo, komai kyawun dama. Dokar Special Olympics ba ta ce haka ba, ni ne na ga kamar adalci nake yi. Sai wasa ya koma abin dariya: yaro zai kai bakin raga shi da gola, ya tsaya cak, yana waige yana neman wanda zai miƙa wa. Bayan wasa na uku wani ɗan wasana, mai irin lalurar ɗanki, ya same ni a mota ya tambaye ni me ya sa wane ba ya son mu ci. Na rasa amsar da zan ba shi. Ya gane sarai cewa ana yi masa wasa da hankali, kuma abin ya ɓata masa rai fiye da cin da aka yi mana. Washegari na janye dokar. Na maye ta da wata: wanda ya fi kyawun matsayi shi ake ba ƙwallo, ko waye shi, wanda kuma ya ɓarar da ita ya bi ta ya ƙwato. Mun sha kashi a wannan shekara ba kaɗan ba. Yaron nan ya ci ƙwallo ɗaya tak, da ƙwauri ma ta taɓa shi ta shiga, amma tasa ce, kuma har ya gama makarantar bai daina ba da labarinta ba.

To da kin je atisaye, ga abin da za ki sa wa ido. Lokacin shan ruwa, ina yaran ke zama? In masu lalura suna gefe guda da malamarsu, sauran suna can suna latsa waya, ƙungiya biyu ce sanye da riga ɗaya. Ki saurari muryar da abokan wasa ke yi wa 'yan wasa magana da ita: ta tsara ce, ko irin wadda ake lallashin jariri da ita? Ki ƙirga sau nawa ƙwallo ta taɓa ƙafar yaron da ya fi kowa rauni a cikin minti goma. Ki duba wa aka sa a raga. Mu da muka yi ƙwallon unguwa mun san al'adar: wanda bai iya ba shi ake turawa gola, ko a ce ya tsaya ya riƙa ɗauko ƙwallo in ta faɗa gidan maƙwabta. In kin ga haka a nan, an maimaita tsohon zalunci ne da sabon suna. Ki kuma lura ko kocin yana gyara wa masu lalura kuskure. Wanda komai yaro ya yi sai ya ce madalla, ya riga ya yanke ƙauna daga gare shi. Kocin kirki zai faɗi abu ɗaya a gajarce, ya nuna da ƙafarsa, ya dakata 'yan daƙiƙoƙi maganar ta zauna, sannan a maimaita. Yara masu Down syndrome sun fi kama abin da suka gani a kan abin da suka ji, don haka dogon jawabi a tsakiyar fili shuka dusa ne.

Wani ƙaramin abu da ke fallasa gwanintar koci shi ne sauya gida bayan hutun rabin lokaci. Yara da yawa sukan rikice, su ɗauki ƙwallo su nufi ragarsu da iya ƙarfinsu. Wanda ya san aikin ba ya ce musu hagu ko dama. Cewa yake ka buga wajen gola mai jar riga. Ki tambaye shi yadda yake magance wannan, daga amsarsa za ki san ko ya daɗe a harkar.

Me ya sa nake nacewa a kan wannan daidaito? Saboda zama wuri ɗaya kaɗai ba ya haifar da zumunci. Wani bincike da Gary Siperstein da abokan aikinsa na Jami'ar Massachusetts da ke Boston suka wallafa a 2007, bayan sun tambayi ɗaliban ƙaramar sakandare sama da 5,000 a faɗin ƙasar, ya nuna yaran ba su ƙi a zauna makaranta ɗaya da masu raunin fahimta ba, amma ba sa son hulɗa da su, musamman bayan an tashi. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya ce cuɗanya ba ta rage ƙyama sai an cika sharuɗɗa: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, kowa na buƙatar ɗan'uwansa, hukuma kuma na goyon baya. A ajin lissafi ɗanki ba zai samu matsayi ɗaya da sauran ba, kullum shi ake taimaka wa. A fili kuwa riga ɗaya ce, raga ɗaya ake hari, in bai tare mutuminsa ba kowa zai sha ci. Wannan ne ya sa ƙwallo ke yin abin da aji ya kasa, kuma wannan ne ya sa wasan tausayi ke rushe komai, domin sharaɗin farko yake karyawa.

Kada dai in yi miki daɗin baki. Alƙaluman nasara da za ki gani a takardun talla, da yawansu Special Olympics ce da kanta ta sa aka tattaro, sai a karanta su da lura. Abin da na gani da idona shi ne gaisuwa a barandar makaranta tana ƙaruwa, yaro yana samun teburin da zai zauna lokacin cin abinci, masu tsokanar mugunta suna raguwa saboda yanzu yana da mutane. Abotar da ke kaiwa har gida kuwa ba ta da yawa, kuma inda ta samu, galibi iyaye ne suka buɗe ƙofa. A nan ke kin fi maƙwabtanki makami. Ki dafa shinkafa da miya ko ki soya ƙosai, ki gayyaci ƙungiyar gida bayan wasa. Yaran ƙasar nan ba su saba da irin karɓar baƙinmu ba, kuma ba sa mantawa.

Yanzu maganar ciwo. Ba za a bar shi ya shiga fili ba sai da takardar likita, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗa wa likitan komai, har magungunan da yake sha. Abu na farko zuciya, domin kusan rabin jariran da ake haifa da Down syndrome suna zuwa da matsalar zuciya. In an taɓa yi masa aiki ko ana bibiyarsa, likitan zuciyar ne zai ba da izini. Na biyu wuya. A wasu masu lalurar, gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu tana da sako-sako fiye da ƙima. Hoto yakan nuna haka a kusan mutum 10 zuwa 20 cikin 100, amma waɗanda abin ke danne musu laka har ya yi illa ba su wuce 1 ko 2 cikin 100 ba. A da sai an ɗauki hoton wuya kafin a bar yaro ya yi ƙwallo. Tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daina ba da shawarar ɗaukar hoton ga wanda ba ya nuna wata alama, an koma ga gwajin likita da tambayoyi. Alamomin da za ki kula da su: ciwon wuya, karkatar da kai gefe guda, sauyin tafiya ko yawan faɗuwa, raunin hannu ko ƙafa, ko yaron da ya daɗe da riƙe fitsari ya dawo yana sakinsa. Ko ɗaya kika gani, a dakatar da wasa a tafi asibiti a ranar. Ni a ƙungiyata ba na koya wa masu Down syndrome sa kai a ƙwallo sai likita ya rubuta ya yarda, kuma ba abin da muka rasa, don a ƙaramin fili ƙwallo a ƙasa take yawo.

Sauran ƙanana ne amma su suka fi faruwa. Jijiyoyinsu suna da laushi, tafin ƙafa sau da yawa shimfiɗaɗɗe ne, don haka a saya masa takalmi mai faɗi da ya kama idon sawu, da kariyar ƙwauri. In yana sa tabarau, a yi masa na wasanni mai igiya. In jinsa yana da rauni, a gaya wa koci da alƙalin wasa, kada a ce ya ƙi jin usur. Ba kowane yaro ne zai ce ƙishi yake ji ko kansa na juyawa ba, sai an tsayar da shi an ba shi ruwa. Buguwar kai kuwa, duk jihohin ƙasar 50 suna da doka a kanta, kuma ƙa'idar makarantu ita ce wanda ake zargin ya bugu ya fita, ba ya dawowa sai ma'aikacin lafiya ya sallame shi. Kada ki manta zaman gida ma yana da nasa ciwon: ƙiba da matsalar numfashi cikin barci sun yi yawa a masu wannan lalura, kujera da talabijin kuma ba sa rage su.

Ƙanwarsa fa? Ki bar ta, da sharaɗi ɗaya: ta shiga a matsayin 'yar ƙwallo, ba mai raino ba. 'Yan'uwan yara masu lalura sun saba amsa tambaya a madadinsu da ɗaure musu igiyar takalmi, in ba a kula ba sai ta tsaya tsakaninsa da abokan da ake so ya yi. Ki roƙi koci ya raba su rukuni wajen atisaye. Ki kuma tambaya tun yanzu ko ƙungiyar maza da mata ce a haɗe, domin a makarantu da yawa haka take. Wannan shawara ce ta ke da Alhaji. Maganar ɗankwali ba matsala ba ce: tun 2021 tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasar ta sauya dokar ƙwallon ƙafa, ɗaliba za ta iya rufe kanta don addini ba tare da neman izini na musamman ba. Dogon wando a ƙarƙashin gajere shi ma ana sawa. In azumi ya faɗo cikin lokacin gasa, a sanar da koci da wuri.

Akwai kuma haƙƙinku a doka, wanda iyayenmu baƙi suka fi sakaci da shi saboda kunya ko gudun a ce sun cika fitina. Dokar tarayya ta ilimin yara masu naƙasa, wadda ta samo asali a 1975 ake kuma kiranta IDEA tun 1990, ta ce takardar shirin karatunsa, IEP ɗin nan da kike sa wa hannu duk shekara, ta ƙunshi tallafin da yake buƙata don shiga harkokin bayan aji, wasanni na ciki. In yana buƙatar mai taimaka masa lokacin atisaye, ko motar da za ta dawo da shi bayan an tashi, a teburin IEP ake neman a rubuta. Ki nema a rubuce, domin alƙawarin baki yana bin malamin da ya yi shi in an yi masa canjin wurin aiki. Kina da ikon kiran zama ba sai ƙarshen shekara ba, kina kuma da haƙƙin a kawo miki tafinta. Sannan shiga ƙwallon haɗaka ba ta rufe masa ƙofar sauran ƙungiyoyin makaranta. A Janairun 2013 ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ya aika wa makarantu takardar tunatarwa cewa sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973 kan masu naƙasa ya wajabta a ba ɗalibi mai naƙasa damar gwaji daidai da kowa, da sassaucin da ba zai sauya asalin wasan ba. Ba a ce dole a ɗauke shi ba, an ce dole a gwada shi da gaskiya.

Ki kuma duba kalmar da ke kan takardar da kyau. In kin ga adapted maimakon unified, wani tsarin ne daban, na masu naƙasa su kaɗai. Jihar Minesota ta shahara da shi, tun 1992 hukumar wasannin sakandarenta ta karɓe shi, a cikin zauren wasanni ma suke buga ƙwallonsu. Yana da amfaninsa, amma ba shi ne wanda na yi miki bayani ba.

Game da Alhaji, kada ki ja da shi da baki. Sau da yawa uban da ya ce ɓata lokaci ne, abin da ke ransa daban: ba ya son ya zauna cikin mutane ya ga ana nuna ɗansa. Mun taso inda ake kiran irin waɗannan yara dolo ko gaula, wasu a ce 'yan ruwa ne, wasu a haɗa su da masu taɓin hankali alhali lalurar daban ce, ita wannan jinkirin fahimta ce da koyo da ake tasowa da ita. Nan ma haka suka sha fama da tasu kalmar cin fuskar, sai a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta cire ta daga dokokin tarayya na ilimi da lafiya da ƙwadago. Ki bari sai wasa na biyu ko na uku, lokacin da yaron ya fara sanin gurbinsa, ki ce masa mota kawai kike so ya kai ku. Gani ya kori ji. Na ga iyaye maza da suka zo da niyyar jira a mota, aka ƙare ana roƙonsu su rage yi wa alƙalin wasa ihu.

Abu ɗaya da nake so ki fara tunaninsa tun yanzu shi ne bayan makaranta. Doka ta ba shi damar zama a tsarin makaranta har wajen shekara 21 a yawancin jihohi, amma hukumomin wasanni da yawa suna da iyakar shekara 19 ga gasar sakandare. A Mishigan sai da mahaifin wani ɗalibi mai Down syndrome ya yi ta fafutuka kafin hukumar jihar ta sassauta wannan doka a 2012. Ki tambayi daraktan wasannin makarantar yadda abin yake ga ƙwallon haɗaka a jiharku. Abokan wasansa za su gama su watse jami'o'i, shi kuma ya rage, kuma wannan shekarar tana yi wa yara da yawa zafi. Maganinta a yi masa rajista da reshen Special Olympics na garinku tun yana makaranta, don can babu iyakar shekaru daga sama, akwai masu furfura da ke bugawa. Tunda ya kai 16, dole IEP ɗinsa ya ƙunshi shirin rayuwar bayan makaranta. Ki sa a rubuta wannan a ciki.

Ranar atisayen farko ku isa da minti 20 kafin kowa. Ya zaga filin babu hayaniya, ya taɓa raga, ya ga inda banɗaki yake, ya gaisa da koci su biyu. Ki sa ya gwada takalmin da kariyar ƙwaurin a gida kwana biyu ko uku kafin ranar, don sabon abu a jiki yakan dame su fiye da gudun kansa. In ya tsaya a gefe ya ƙi shiga, ki ƙyale shi ya yi kallo, kada ki tura shi kada kuma ki mayar da shi gida. Na ga wanda ya yi mako biyu a bakin layi kafin ya taka ciki. In kin dawo daga kallon, ki rubuto min abin da kika gani lokacin shan ruwa da wanda aka sa a raga. A gaida Alhaji da yaran.